ƘWAYAR GERO A FILIN MAJAMI'A

Ko kana gida tare da iyali, ko kana gona, ko kuwa kana kwance a asibiti rediyo na kusa da kunnenka, alherin Allah ya kasance tare da kai. Karatunmu na yau yana cikin Zabura 8. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, muna roƙo ya buɗe ya karanta wa mutanen gidansa surar duka, gama ayoyi 9 ne kawai.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka buɗe kunnuwanmu mu ji, ka buɗe zukatanmu mu karɓa, cikin sunan Yesu. Amin.

Kwanakin baya wani dattijon ikkilisiya ya yi mana sallama da dare, ransa a ɓace. Ya ce ɗansa, wanda yake ajin ƙarshe a makarantar sakandare, ya daina zuwa sujada, ya kuma daina fitowa addu'ar safe. Yaron ba ya shaye-shaye, ba ya kuma bin abokan banza. Abin da ya faru shi ne, an koya musu girman sararin sama a makaranta, sai ya dawo gida ya ce wa ubansa, "Baba, idan duniyar nan ba ta kai ƙura ba a cikin halitta, wa zai ji addu'ar mutum ɗaya a cikinta?" Dattijon ya so mu kira yaron mu tsawata masa. Har ya ce yana tunanin ya fid da shi daga ajin kimiyya.

Muka ce masa, "Dattijo, ka kwantar da hankalinka. Tambayar ɗanka ba sabuwa ba ce." Kimanin shekara 3,000 da suka wuce, Dawuda ya ɗaga kai da dare ya dubi wata da taurari, ya yi wannan tambaya ɗin, wato mene ne mutum har Allah zai damu da shi. Allah kuwa bai hukunta shi ba, sai ma ya bar tambayar a rubuce cikin Maganarsa domin mu. Saboda haka ba mu tsawata wa yaron ba. Amma sai muka tarar mu kanmu ba mu gane abin da ya tsorata shi ba. A makarantar tauhidi an koya mana Helenanci da Ibraniyanci da tarihin ikkilisiya, ba a koya mana lissafin taurari ba. Muka nemi wani malamin kimiyya da ke cikin ikkilisiyarmu, muka zauna a gabansa kamar 'yan aji ɗaya. Abin da muka koya, shi muke so mu ba ku yau.

Malamin ya fara da cewa kunnen mutum ba ya rarrabe manyan lambobi. In an ce miliyan, in an ce biliyan, duk "da yawa" muke ji. Amma in ka ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, za ka kai miliyan 1 cikin kwana 12. Kafin ka kai biliyan 1 kuwa, sai ka yi kusan shekara 32. Ya ce hotunan da ke cikin littattafan makaranta ma suna ruɗin yara, gama ana jera rana da duniyoyinta kusa da juna kamar tukwane a ɗakin amarya, don takarda ba ta da faɗin da za ta ɗauki gaskiyar nisan. Maganin abin, in ji shi, sai a yi yadda mai zana taswira yake yi, a rage kome da kome da ma'auni ɗaya, girma da nisa duka, har abin ya dawo daidai da tafiyar ƙafa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ran Lahadi bayan sujada muka tara 'yan makarantar Lahadi da matasa a filin majami'a. Waɗansu mata na zumunta suka tsaya kallo. Yaron nan ma ya zo, don malaminsa ne ya kira shi. Aka kawo ƙwallon ƙafa, mai faɗin santimita 22, aka ajiye a ƙofar majami'a. Malam ya ce, "Wannan ita ce rana." Ainihin faɗin rana ya kai wajen kilomita miliyan 1 da dubu 400, za a jera duniyarmu sau 109 kafin a ƙetare fuskarta. In an rage ta ta zama ƙwallo, to kowane dogon taki na babban mutum, wato mita 1, ya zama kimanin kilomita miliyan 6 da dubu 300.

Muka soma tafiya muna ƙirgawa da ƙarfi. A taki na 9 aka tsai da yaro ɗaya, aka sa masa ƙwayar acca a tafin hannu. Ita ce Makyuri, duniyar da ta fi kusa da rana. A taki na 17 aka ba wani ƙwayar gero. Ita ce Binas, wadda muke gani da asuba muna kiranta Gamzaki. Ashe ba tauraro ba ce, duniya ce 'yar'uwar tamu, hasken rana ne take maido mana. A taki na 24 malam ya kira wata yarinya, ya sa mata ƙwayar gero guda a hannu, ya ce, "Riƙe da kyau, duniyarmu ke nan." Yara suka fashe da dariya, manya kuwa suka yi shiru. Taki 24 ɗin nan su ne kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana. Da akwai hanyar mota, direba ya riƙa gudun kilomita 100 a awa ba tsayawa, sai ya yi shekara 171 kafin ya isa.

Sai aka ɗauki ƙwayar yashi aka riƙe ta santimita 6 daga geron, wato faɗin yatsu uku. Shi ne wata. Daga shekarar 1969 zuwa 1972 mutum 12 'yan Amurka suka taka wata, tafiyar kwana 3 a kumbo. Duniya duka ta yi mamaki, ya kuwa cancanci mamaki. Amma har wa yau ɗan adam da jikinsa bai taɓa wuce kewayen wata ba. Duk fahariyar tafiyarmu, faɗin yatsu uku ce a filin majami'a.

A nan wani abu ya faru wanda za mu komo kansa. Yarinyar nan ta juya don ta nuna wa uwarta, sai ƙwayar geron ta faɗi cikin ƙasa. Malam ya ce, "Ba kome, ga mudu cike, ɗauki wata." Yarinya ta ƙi. Ta ce, "A'a, Malam, waccan ce duniyarmu." Ta durƙusa da rigarta ta Lahadi tana tona ƙasa da yatsa, 'yan'uwanta suka taya ta, har aka samo ta.

Muka ci gaba. A taki na 36 ga Mas, ita ma kamar acca. Daga nan sai tafiya ta miƙe. Muka fita daga shingen majami'a, sai a taki na 123 muka ajiye 'yar kanya guda, ita ce Jufita, babbar duniyoyin rana duka. A taki na 226 muka ajiye magarya, ita ce Satun mai zobba. Muka wuce makarantar firamare, a taki na 454 aka ajiye ƙwayar wake, Yuranus. Ƙananan yara suka fara cewa sun gaji. A taki na 711, can kan hanyar rafi, aka ba yaron dattijon nan ƙwayar wake ta biyu, aka ce masa, "Kai ne Naftun, ta takwas, ta ƙarshe." Waɗanda suka yi makaranta a da za su tuna an koya mana tara. A shekarar 2006 ne masana suka fid da Fuluto daga jerin manyan duniyoyi, suka sa ta cikin ƙanana.

Muka juya muka dubi majami'a. Ƙwallon da ƙyar ake hangensa. Tsakaninmu da shi kuwa ba kome sai ƙwayoyi bakwai da ba su cika tafin hannun jariri ba. Malam ya ce a cikin wannan misali, haske, wanda yake gudun kilomita dubu 300 a daƙiƙa, tafiyar tururuwa yake yi, ƙasa da santimita 5 a daƙiƙa. Yana ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi daga ƙwallo zuwa gero, fiye da awa 4 kuma kafin ya iso wurin waken da muke tsaye.

Wani yaro ya ce, "Malam, to ina taurari? Mu ƙarasa mana." Malam ya yi murmushi ya ce ba da ƙafa ba. Tauraron da ya fi kusa da rana ana ce da shi Furoksima. Wani masani mai suna Robert Innes ya gano shi a Afirka ta Kudu a 1915, ido kuwa ba ya ganinsa sai da madubin hangen nesa. Nisansa ya kai wajen kilomita tiriliyan 40, haskensa yana yin shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu. A misalinmu girmansa kamar goro ne, wurin ajiye shi kuwa yana nesa da kilomita 6,300. Ku da kuka je ziyara Ƙasa Mai Tsarki, in ƙwallon yana Jos, to sa'ad da jirginku ya sauke ku kuka shiga Urushalima, rabin hanya kawai kuka ɗan wuce. Ƙwallo a nan, goro a can, tsakani kuwa duhu da sarari. Wannan shi ne maƙwabcinmu na kusa.

Ba mu ne muka fara irin wannan gwaji ba. A ƙasar Suwidin sun mai da wani babban zauren taro mai siffar ƙwallo a birnin Sitokholm, mai faɗin mita 110, ya zama rana. Duniyarmu a nasu ma'aunin tana da faɗin santimita 65, tana nesa da fiye da kilomita 7, Naftun kuwa sai an yi tafiyar fiye da kilomita 200 a mota. A birnin Washington na Amurka ma an kafa wani a shekarar 2001, inda duniya take mita 15 daga rana, tauraro na kusa kuwa sai can ɗaya gefen ƙasar, a bakin tekun Kalifoniya. Su sun yi da ƙarfe da siminti, mu mun yi da gero da wake, amma lissafin ɗaya ne.

A watan Satumba na 1977 Amurkawa suka harba wani kumbo marar mutum mai suna Voyager 1. Yana gudun kilomita 17 a kowace daƙiƙa. A shekarar 2024, bayan shekara 47 yana tafiya, ya wuce kilomita biliyan 24 daga nan, babu wani abin da hannun mutum ya ƙera da ya kai shi nisa. A filinmu kuwa bai cika kilomita 4 daga ƙofar majami'a ba, gama faɗin ƙwallo ɗaya kawai yake ci a kowace rana. Da wajen Furoksima ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Ran 14 ga Fabrairu 1990 aka sa shi ya juyo ya ɗauki hoton gida daga nisan kilomita biliyan 6. A hoton, duniyarmu ɗan ɗigo ce da ƙyar ake ganinta, kamar yadda za ka tsaya kusan kilomita 1 kana neman ƙwayar gero da ido.

Don a auna sauran taurari, malam ya ce dole a sake ma'auni. A ce tafiyar da haske yake yi a shekara guda ta zama milimita 1, kaurin ƙwayar acca. To Furoksima yana nesa da acca 4. Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda manoma suke duba, waɗanda kuma aka ambata cikin littafin Ayuba sura 38, suna nesa da wajen santimita 44, gama haskensu yana yin kimanin shekara 440 a hanya. Hasken da za ka gani daga gare su a daren yau, sa'ad da masu bishara suka iso Wase a 1904 ya riga ya yi shekara 300 yana tafe. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, shi ne garken taurarin da ranarmu take ciki. Faɗinsa zai kai tsawon filin ƙwallo, mita 100, taurarinsa kuwa sun fi biliyan 100. In ka ƙirga ɗaya a daƙiƙa, sai ka wuce shekara 3,000. Babban garke na kusa da namu, Andiromeda, yana nesa da kilomita 2 da rabi a wannan sabon ma'auni, irinsu kuma biliyoyi ne. Ka tuna Allah ya fito da Ibrahim waje da dare ya ce masa ya gwada ƙirga taurari. Abin da idon Ibrahim ya gani bai wuce 'yan dubbai ba, amma wanda ya yi masa maganar ya san sauran.

Da muka komo inuwar majami'a, yaron nan ya buɗe hannunsa ya nuna mana waken, ya ce, "Baba Fasto, ai kun ga abin da nake faɗa. Yau ma kun ƙara tabbatar mini." Muka ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne. Bari mu duba abin da ka ɗora a kansa." Abu huɗu muka faɗa masa, su ne kuma muke faɗa maka, ya mai sauraro.

Na fari, ƙwayar geron nan tana kashe girmankai. A bisanta ne dukan sarakuna suka yi mulki, a bisanta aka yi dukan yaƙe-yaƙe, a bisanta mutum fiye da biliyan 8 suke zaune yau. Annabi Ishaya a sura 40 ya kwatanta al'ummai da ɗigon ruwa da kuma ƙurar da ke kan ma'auni, wadda mai awo ba ya ko kula da ita. To ina mutumin da yake tafiya kamar ƙasa ba za ta ɗauke shi ba? Mun san 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda kunya biyu a iyakar gona, duk da haka suna zuwa cin Jibin Ubangiji a benci dabam dabam. Ba mu ce gona ba ta da amfani ba, da ita muke ci. Amma ɗan'uwa, je ka tsaya a taki na 711 ka waiwayo, ka nuna mana iyakar gonarka a jikin geron. In ba ka iya ba, je ka gai da ɗan'uwanka tun rana ba ta faɗi ba.

Na biyu, ƙanƙanta ba rashin daraja ba ce. Wannan ba mu muka faɗa ba. Wata tsohuwa gwauruwa ce, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, tana zaune tana jinmu. Ta ce wa yaron, "Jikana, ka taɓa ganina a masussuka? Bayan kowa ya tashi nakan tsaya in tsince ƙwayoyin da suka zube. Mai wucewa ne yake raina ƙwaya, wanda ya noma ba ya raina ta." Gaskiya ta faɗa. Dutsen Zuma ya fi jariri girma nesa ba kusa ba, amma ba uwar da za ta ba da jaririnta a ba ta dutsen. Rana ta fi duniya girma fiye da sau miliyan, amma rana ba ta san tana nan ba, ba ta iya ƙauna, ba ta iya tuba, ba ta iya yin addu'a. Kai da ka iya tsayawa a fili ka auna ta da ƙwallo, cikin siffar Allah aka yi ka. Ku buɗe Zabura 147 ku dubi aya 3 da aya 4. Ɗaya tana maganar Allah mai ɗaure raunin masu karyayyar zuciya, ta biye da ita tana maganar Allah mai sanin yawan taurari da sunan kowannensu. Mai zabura bai ga wata gardama tsakanin ayoyin nan biyu ba. Hankalinmu ne yake gajiya in abu ya yi yawa. Uban 'ya'ya goma yakan kira wannan da sunan wancan. Allah ba ya gajiya, yawan taurari kuma bai rage masa ko kaɗan daga lurar da yake yi da kai ba.

Na uku, Allah ba ya cikin ma'aunin. A nan ne yaron ya yi tuntuɓe, da yawa daga cikinmu ma muna yi. Ya zaci Allah yana zaune can bayan tauraro na ƙarshe, kamar babban mai mulki a birni mai nisa, wanda takardar talaka take bi ofis ofis kafin ta kai gare shi, in ma ta kai. Saƙon rediyo daga kumbon nan Voyager yana yin kusan kwana guda kafin ya iso duniya. Da addu'a irin wannan tafiya take yi, da yaron ya yi gaskiya. Amma mun sami ƙwallo domin rana, mun sami gero domin duniya, me za mu ajiye a fili mu ce shi ne Allah, a taki na nawa kuma? Ishaya ya yi wannan tambaya a sura 40 aya 18, amsar kuwa ita ce babu. Ranar da Sulemanu ya keɓe Haikali ya shaida cewa sammai duka sun yi wa Allah kaɗan. Wanda sararin sama bai iya ɗaukarsa ba, sararin sama ba ya iya raba shi da kai. Shi ya sa Bulus ya gaya wa masanan Atina cewa Allah ba shi da nisa da ko ɗaya daga cikinmu. Kafin maganar ta fita daga bakinka, tana gabansa.

Na huɗu, akwai nisa na gaske tsakanin mutum da Allah, amma ba da kilomita ake auna shi ba. Ishaya 59 ta ce zunubanmu ne suka shiga tsakani. Wannan rami babu kumbon da zai ƙetare shi, babu ilimi, babu sadaka, babu aikin kirki. Ku tuna da yarinyar nan. Mudu yana cike, da ta ɗauki wata ƙwaya ba wanda zai zarge ta. Amma ta durƙusa cikin ƙura da rigarta mai kyau saboda waccan ɗaya da ta faɗi. 'Yan'uwa, bisharar ke nan. Mai taurari biliyan bisa biliyan bai ce bari in ɗauki wata ba. Mu ba mu iya rage Allah ya zo daidai da hankalinmu, amma shi da kansa ya ƙasƙantar da kansa, ya sauko kan ƙwayar geron, aka haife shi a Baitalami, aka kwantar da shi a komin dabbobi. Ya yi tafiya da ƙafa cikin ƙura irin tamu, ya ji yunwa, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, a rana ta uku ya tashi. Nesa ta zo kusa.

Ga wani abu kuma da ya faranta mana rai. A Zabura 103 aya 11 da 12, da Dawuda ya nemi abin da zai auna ƙaunar Allah da shi, sai ya ɗauki nisan sama daga ƙasa. Da ya nemi abin da zai auna gafara da shi, sai ya ɗauki nisan gabas daga yamma. Dawuda bai san kilomita tiriliyan 40 ba. Mu mun sani. Saboda haka duk ranar da masana suka ƙera sabon madubi suka ce sama ta fi yadda ake zato nisa, kada mai bi ya firgita. Igiyar awon ƙaunar ce aka ƙara warware mana. Kai da ka yi shekaru kana ɗauke da wani zunubi, ka tuba amma ka kasa gaskata an gafarta maka, ka tuna da goron nan da ke gaba da Urushalima. Allah ya kawar da laifinka fiye da haka.

Iyaye, muna roƙonku, in ɗanku ya zo da tambaya mai wuya, kada ku amsa masa da bulala, kada kuma ku ce ya bar karatu. Wanda ya yi taurari ba ya tsoron a auna su. In ba ku san amsa ba ku ce ba ku sani ba, ku nemi wanda ya sani, ku yi ta addu'a. Yaron da aka rufe wa baki a gida zai kai tambayarsa wani wuri. Ku kuma matasa, ku yi karatu da iyakar ƙarfinku, ikkilisiya tana bukatar masana masu tsoron Allah. Amma ku rarrabe tsakanin abin da madubi ya nuna da abin da zuciya ta ɗora a kai. Madubi ya ce duniya ƙarama ce, wannan gaskiya ne. Cewa ba wanda ya damu da ita, wannan ba madubi ne ya faɗa ba.

Malaman makarantar Lahadi, ku gwada wannan a wurinku. Ba ya bukatar kuɗi. Ƙwallo ɗaya, acca biyu, gero biyu, kanya, magarya, wake biyu, da hanya miƙaƙƙiya. Taki 9, 17, 24, 36, 123, 226, 454, 711. In kun kai ƙarshe ku juyo ku dubi inda kuka fito, sa'an nan ku karanta Zabura 8 a tsaye a wurin.

Za ku so ku san abin da ya faru da yaron. Ba za mu ce muku ya faɗi ya tuba a wurin ba, gama ba haka aka yi ba. Ya yi shiru, ya sa waken a aljihu ya tafi. Bayan mako biyu muka hange shi a bencin baya, ya fita tun ba a sa albarka ba. Ubansa ya ce har yanzu yana da tambayoyi, amma yanzu a gida yake yinsu, su biyu sukan zauna a tsakar gida da dare suna duban sama. Muna roƙonku ku sa shi cikin addu'a, shi da dukan 'ya'yanmu masu irin wannan kokawa a zuci.

Kai fa, mai sauraro? Wataƙila ba karatun taurari ne ya sa ka ji Allah ya yi nisa ba. Wataƙila rashin lafiya ne da ya ƙi ƙarewa, ko mutuwar wanda kake ƙauna, ko gonar da aka hana ka shiga, ko aikin da ka nema ka rasa. Kana jin kamar ka faɗi cikin ƙasa ba wanda ya lura. In dare ya yi, fita waje ka ɗaga kai. Wanda ya jera waɗannan duka ya san sunanka, ya san ƙauyenku, ya san ɗakin da kake kwana. Ya riga ya durƙusa yana nemanka. Ka kira shi yau.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin sama da ƙasa, mun dubi aikin hannuwanka mun ga mu ba kome ba ne. Ka gafarta mana girmankanmu, ka sulhunta mu da 'yan'uwanmu. Mun gode domin ba ka raina mu ba, ka aiko da Ɗanka ya neme mu. Ka riƙe 'ya'yanmu da ke makarantu, ka ba iyaye haƙuri da hikima. Ka kusaci marasa lafiya, da gwauraye, da marayu, da duk wanda yake jin an manta da shi a daren nan. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.